Baƙin Ƙwan Genzo Mai Aski

Shekara talatin da ɗaya shagona na awara yana manne da shagon askin Genzo, kuma bangon da ke tsakaninmu na katako ne, don haka babu ƙaryar da ya taɓa shara wa mai zuwa aski da ba ta faɗo a kunnena ba. Na ji labarin kifin da ya kama wanda ya fi kwalekwalen tsawo. Na ji na ranar da girgizar ƙasa ta same shi da aska a wuyan mutum, ya ƙarasa askin ko ƙwarzane babu. To mutumin da aka ɗaure wa zane a wuya, aska tana yawo kusa da maƙogwaronsa, me zai ce in ba "haka ne" ba? Shi kuwa Genzo sai ya ɗauka duniya ce ta yarda da shi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu. Shugaba ne ke shiga gaba ranar bikin shekara, sanye da riga mai tambarin layi, riƙe da babbar fitilar takarda, kowa yana rusuna masa. Shekara ashirin Genzo yana haɗiyar yawu a kan fitilar nan. Amma kujerar tana hannun Baba Hanbei mai shinkafa tun kafin in aurar da 'yata, kuma ba wanda ya taɓa ganin alamar zai saki.

Sai bana, a taron farkon damina, tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "Shekarata tamanin da shida. Ƙafafu sun gaji, kwanakin da suka rage kuma ba yawa. Zan sauka. Wanda ya jagoranci tafiyarmu ta bana ya faranta mana rai, a wajen cin abinci zan miƙa masa hatimin ƙungiya."

Bai rufe baki ba Genzo ya miƙe har yana ture kofin shayi.

"Dutse za mu hau, Shugaba! Garin ruwan zafi, a ƙaramin jirgin ƙasan nan. Sau goma sha bakwai na hau shi. Ina saurayi, direbobin jirgin duk ni nake yi musu aski. Kuma zan ciyar da kai baƙin ƙwai."

Kowa ya san baƙin ƙwan dutsen nan, wanda ake dafawa a tafasasshen marmaro har ɓawonsa ya koma baƙi ƙirin, ake cewa duk wanda ya ci ɗaya an ƙara masa shekara bakwai. Wani ya ce ai a can sama ake sayar da shi, kowa ma yana iya saye.

"Na kanti?" in ji Genzo, yana yatsina fuska. "Wannan na 'yan yawon buɗe ido ne. Ni da hannuna zan tsoma muku a uwar marmaron. Mai gadin wurin aminina ne."

Rokuro mai kifi, wanda suka yi aji ɗaya da shi tun suna yara, ya ce, "Genzo, ni fa tun da nake ban taɓa ganin ka wuce tashar bas ba."

"Yaushe za ka gani? Lokacin kana teku kana ƙarni."

A hanyar gida na tambayi matarsa Tomie, mace ce mai shiru-shiru, na ce, "Tsakani da ni da ke, sau nawa ya je?"

Ta ce, "Akwai hoton wurin a kalandarmu ta shekarar da aka haifi 'yarmu Keiko."

Ranar tafiya mu goma sha huɗu muka hallara a tasha, ana yayyafi. Genzo ya iso da hular alfarma, usur a wuya, tuta mai ruwan ƙwai a hannu, jakar askinsa da ko bayi ba ya zuwa ba ita rataye a kafaɗa, sai kwando cike da ƙaiƙayi da ɗanyen ƙwai talatin na kajin surukinsa. Ya jera mu biyu-biyu. Mafi ƙanƙantar shekaru a cikinmu yana da sittin da ɗaya, amma sai da ya ƙirga mu sau uku yana hura usur.

Jirgin ɗan ja ne mai tarago uku. Genzo ya umarci kowa ya zauna a hagu, wai can ne kallo yake. Abin haushi kuma sai ya dace. Muka tsallaka wata gada, ƙasa can kwazazzabo ne ruwa yana gudu fari fat, ga shuɗɗan furannin damina suna gogar tagogi, jirgin yana hawa a hankali yana ƙugi. Har Baba Hanbei ya ce, "Kai, da kyau." Genzo ya kumbura, ya tsaya a tsakiyar tarago yana sa wa duwatsu sunayen da na tabbata a nan take yake ƙirƙiro su.

Can sai jirgin ya kutsa cikin itatuwa ya tsaya. Gabansa ba hanya, dogo ya ƙare a jikin dutse. Direba ya sauko da fararen safar hannunsa, ya taka ta gefen tagoginmu, ya haɗu da kwandasta a tsakiya, suka rusuna wa juna, kowa ya wuce inda ɗan uwansa ya baro. Aka ɗan jima, jirgi ya motsa da baya.

Genzo ya leƙa taga, ya ga itatuwa suna tafiya ta inda bai kamata ba. Ya dubi inda direba yake ɗazu, ba kowa.

"Birki ya tsinke! Direba ya gudu! Kowa ya kwanta!"

Ya hura usur, ya yi jifa da tuta, ya zube a ƙasa ya rungume ƙafar Rokuro. Gwiwarsa ta sauka a kan kwandon ƙwai, muka ji ƙaras-ƙaras. Mata biyu daga cikinmu suka ƙwalla ƙara don sun ga jagora ya ƙwalla. Baba Hanbei, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya waiwayo ya ce, "Mun iso ne?"

Wata tsohuwa 'yar dutsen tana zaune kusa da ƙofa da kabejinta a cinya, ko gezau ba ta yi ba. Ta sunkuyo ta ce, "Dattijo, tashi, hawa muke yi. Dutsen ya cika tsayi, jirgin ba ya iya miƙewa sama kai tsaye, sai ya yi gaba ya yi baya. Sau uku zai yi haka kafin mu kai."

Genzo ya tashi, gwaiduwa tana bin wandonsa. Ya kaɗe hula ya ce, "Na sani mana. Gwada su na yi in ga wa zai tsorata. Rokuro, ka faɗi."

"Ni na faɗi? Sakar min ƙafa tukuna."

Tomie ta tsugunna tana tsince ɓawo. Ƙwai tara suka tafi, saura ashirin da ɗaya.

Don ya wanke kansa, Genzo ya sake hura usur. Ya ce tunda jirgi ya juya, kallo ma ya juya, kowa ya koma ɗaya ɓangaren maza-maza. Muka tashi da ciwon gwiwarmu da jakunkunanmu muka tsallaka. Wasu matasa suka yi godiya suka zauna a kujerunmu. Ashe jirgin bai juya ba, baya kawai yake yi, kwazazzabon yana nan a tagar da muka baro. Minti goma muka yi muna kallon jiƙaƙƙen bangon dutse mai gansakuka, muna jin matasan a bayanmu suna ta "kai, dubi can, dubi can."

"Wannan gansakukar," in ji Genzo, "ba a samun irinta ko'ina."

Ni dai raina ya fara ɓaci, don kujerata ta farko ta fi kowace kyau.

Tsayawa ta biyu a wata 'yar tasha ce. Direba ya sake saukowa. Genzo, wanda tsoro bai bar shi ya ji sau ukun da tsohuwar ta faɗa ba, ya leƙa ya ce, "Yauwa, mun zo! Ga itacen nan da na sani. Kowa ya bi tuta!" Ya sauka ya nufi ƙofar fita yana ɗaga tuta sama, bai ko waiwayo ba. Mun fara miƙewa, sai tsohuwar mai kabeji ta girgiza mana kai. Muka koma muka zauna.

Ƙofa ta rufe. Genzo ya ji ƙarar, ya juyo, ya gan mu a zaune muna kallonsa ta gilashi. Ya zura a guje zuwa ƙarshen da yake zaton can jirgin zai bi, jirgin kuwa ya bi ɗayan. Rokuro ya zuge taga ya leƙa.

"Jagora! Mu haɗu a sama! Ka gaida itacen!"

Juyi na uku cikin kwanciyar hankali muka yi shi. Tomie ta fito da wata tsohuwar ambulan da ta rubuta komai a bayanta, sunan tasha da sunan masauki, ta sauke mu inda ya dace. Muka zauna a benci muna cin wainar shinkafa. Bayan minti arba'in jirgi na gaba ya kawo Genzo, ba hula, sandar tuta ta karye.

"Wani tsohon abokina na sauka in gaisar," in ji shi. "Da na wuce bai gan ni ba, da ya yi fushi."

Bai gama faɗa ba ya tsaya cak, ya shaƙi iska, ya toshe hanci. Ya juya ya harari Rokuro.

"Haba Rokuro! A gaban Shugaba? Ba ka jin kunya? In cikinka ya ɓaci ai sai ka matsa gefe."

"Ni?"

"Wa kuma? Tun muna makaranta halinka ne."

Garin gaba ɗaya warin farar wuta yake yi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai, daga magudanun ruwa har tururin da ke fitowa ta ramukan titi. Ko jinjiri ya san haka garin ruwan zafi yake. Muka yi dariya har mai sayar da tikiti ya sunkuyar da kai yana rufe baki. Baba Hanbei ya ce, "Sau goma sha bakwai, Genzo, ka manta warin?"

"Da can ba ya wari haka, Shugaba. Garin ne ya lalace."

Daga nan sai motar igiya, wadda ke ɗaukar mutane a sama ta kai su bakin marmaron. Muka tarar an gitta igiya a ƙofa, wata ma'aikaciya tana tsaye tana ta rusunawa. Ta ba mu haƙuri, ta ce dutsen yana fitar da hayaƙi mai guba, an rufe hanyar sama, tun shekaranjiya ba a dafa ko ƙwai ɗaya ba.

Genzo ya matsa gaba ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. "'Yata, je ki ce wa mai gadin marmaro Genzo ya zo."

"Wanne daga ciki, Baba?"

"Tsohon nan mai dogon gemu."

"Mata biyu ne ke dafa ƙwan, Baba."

Rokuro ya ce, "Ka sani ko ta aske gemun? Da ma kai ne ka yi mata askin."

Aka sake fashewa da dariya, amma ban da Baba Hanbei. Ya daɗe yana kallon sama inda farin hayaƙi ke tashi, ya dogara da sandarsa ya ce a hankali, "Ni dai ƙwan nan ne ya fito da ni. Na so in ɗanɗana ɗaya kafin in tafi." Gaskiya na ji tausayinsa. Genzo ya dubi tsohon, ya dubi aljihun da akwatin hatimi yake ciki, ya bugi ƙirji.

"Shugaba, yau ɗin nan za ka ci baƙin ƙwai, ko a sauya min suna. Akwai ɓoyayyar hanya da ni kaɗai na sani."

Tomie ta lumshe ido.

A masauki muka tuɓe takalma, uwar masaukin ta tarbe mu a durƙushe ta yi mana bayanin gida. Wurin wanka biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje cikin duwatsu. Shuɗin labule na maza, ja na mata, kuma ƙarfe biyar daidai ake musanya labulen don kowa ya sami rabonsa na tafkin waje. Sau uku ta faɗa. Duk ukun Genzo yana yi wa wasu bayanin yadda dutsen ya samo asali.

Muka shiga ɗakuna muka sa rigunan masauki. Da muka fito, ga Genzo yana sauri a baranda da kwandonsa, ya naɗe rigarsa dama a kan hagu, yadda ake naɗe wa gawa. Rokuro ya tsaya, ya haɗa tafukan hannu, ya sunkuyar da kai.

"Wayyo Genzo. Yaushe aka yi rasuwar ba a sanar da mu ba? Mutumin kirki, sai dai baki."

"Sabon yayi ne na birni, ɗan ƙauye," in ji Genzo, amma da ya sha kwana na gan shi yana kwance ɗamara yana gyarawa.

Ƙarfe biyar da kwata mu mata muka shiga tafkin waje. Ruwan ya kai mana wuya, fari-fari kamar an zuba madara, yayyafi yana sauka mana a ka, rafi yana gudu a ƙasa. Duk ciwon bayan da na tara a kan tukunyar awara ya fara narkewa. Na miƙe ƙafa don in ƙara jin daɗi, sai na taɓa wani abu mai santsi. Na laluba na jawo. Ragar albasa ce, an ɗaure bakinta a jikin dutse, cike da ƙwai farare tas.

Na ɗaga ta sama. Mu shida muka dubi Tomie.

Na ce, "Tomie, ruwan da ni tsohuwa nake zaune a ciki ina lumshe ido, shi ne zai dafa ƙwai?"

Kafin ta amsa muka jiyo muryar uwar masauki daga bakin ƙofa, cikin ladabi amma da ƙarfi. "Baƙonmu mai daraja, dakata. Jan labule ne."

"Ɗazu ta nan na shiga!" Muryar Genzo ce.

"Ɗazu shuɗi ne."

"To wa ya ce a taɓa shi? Ni sau goma sha bakwai..."

"Na maza yana hagu, a sauka lafiya."

Can sai ga tari daga bayan shingen gora, sannan raɗa. "Maman Keiko. Maman Keiko! Akwai wani ɗan saƙona a nan."

Tomie ta karɓi ragar daga hannuna, ta miƙa ta saman shinge. Muka ji takun silifa yana nisa. Na ce mata, "Ba za ki hana shi ba?"

Ta koma cikin ruwa har haɓa, ta ɗora ɗan tawul a ka. "Shekara arba'in ina hana shi, Sumie. Yau hutu na zo."

Nan muka yi shawara mu bakwai cewa ba wadda za ta yi magana, mu ga iya gudun ruwansa.

Ƙarfe shida da rabi, da sauran haske a waje, muka zauna cin abinci a babban ɗaki, kowa da ɗan teburinsa a gabansa, ga kifi, ga miya, ga shinkafa tana tururi. Baba Hanbei yana can kan gaba, ya ajiye akwatin hatimi kusa da kwanonsa. Wurin Genzo ne kawai babu kowa. Har an fara zuba giyar shinkafa sai aka zuge ƙofa, ya shigo a hankali ɗauke da faranti a saman kansa, hannayensa cikin fararen safa. Ya durƙusa a tsakiyar ɗaki ya sauke.

Ƙwai ne ashirin da ɗaya, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli kamar takalmin da aka goge.

Maza suka zaro ido, har da Rokuro. Mu mata muka dubi shinkafarmu.

"Ta bayan dutse na bi," in ji Genzo. "Rarrafe na yi, tawul a hanci. Hayaƙin nan ba ka ganin tafin hannunka. Sau biyu ƙasa ta zabtare da ni. Wani biri ma ya so ya ƙwace ragar, muka yi kokawa. Da na isa aminina ya rungume ni yana kuka, ya ce Genzo, kai kaɗai ne za ka iya."

"Mai gemun?" in ji wata daga cikinmu.

"Shi fa."

Maza suka tafa. Ya bi layi yana ajiye wa kowa ɗaya, ya kai wa Shugaba mafi girma da hannu biyu. Na ɗauki nawa, na ji shi da danƙo-danƙo.

Rokuro ya juya nasa ya ce, "Ya aka yi ya yi sanyi?"

"Iskar dutse ce. Ci kawai."

Rokuro yana da wata ɗabi'a tun yana yaro, a goshi yake fasa dafaffen ƙwai. Ya ɗaga ya ƙwala. Ɗanyen ƙwai ya tsiyayo masa ta kan hanci ya ɗiga cikin miya, goshinsa kuma ya fito da baƙin tambari kamar an buga masa hatimi. Kowa ya ajiye nasa ya dubi yatsunsa. Baƙi. Mai sayar da laima na layinmu ya riga ya sosa ido, ya koma kamar wanda aka nausa. Wani ya goge hannu a farin tawul ɗin masauki, uwar masauki ta ja numfashi.

"Haka na asali yake!" in ji Genzo, gumi yana keto masa. "Na asali ɓawonsa yana zuba, cikinsa kuma ruwa-ruwa ne. Wanda bai taɓa ci ba ne zai yi mamaki."

Tomie ta kai nata hanci ta sansana. Ta sake sansanawa. Sannan ta ce, da muryarta ta kullum, kamar tana tambayarsa ko ya rufe shago, "Baban Keiko, wannan ai rinin kanka ne. Na kwalbar nan da ke ƙasan jakarka, wanda kake shafawa duk Litinin in ka rufe shago."

Mutumin nan shekara ashirin yana rantsuwa bai taɓa ɗiga wa gashinsa komai ba, wai baƙinsa gadon gidansu ne, yana yi wa masu furfura dariya a kan kujerarsa ta aski. Idanu ashirin da shida suka tashi daga faranti suka sauka a kansa. Ya kai hannu zai rufe, ya tuna da baƙin rinin da ke ƙarƙashin safar, ya mayar.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Rokuro ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa, gwaiduwa tana bin kunnensa. Mai laima yana dariya yana hawaye, hawayen ma baƙi. Ni kaina sai da na riƙe ciki, har ma'aikatan masauki suka leƙo ta ƙofa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba Hanbei ya fasa nasa a gefen kwano, ya zuba a kan shinkafa mai zafi, ya ɗiga romon waken soya, ya gauraya da tsinkayen cin abincinsa kamar yadda yake yi kowace safiya a gida. Ya ci a natse har ƙwayar ƙarshe. Ya goge baki, ya buɗe akwatin hatimi, ya ce, "Genzo, matso."

Genzo ya ja gwiwa ya matsa, idonsa a kan hatimin.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ƙwan da na ci, na dutse ne ko na rini? In na rini ne, ka yaudari tsoho, ni kuma ba zan ba mayaudari hatimin layinmu ba."

Na dubi Genzo. Da zai ce a yi haƙuri, na san halin tsohon, da wataƙila ya yafe. Amma Genzo ne.

"Na dutse ne, Shugaba! Na rantse da kabarin ubana. Matata ba ta san warin farar wuta ba."

"Shekara bakwai cif yake ƙarawa?"

"Cif! Ko yini ɗaya ba zai ragu ba."

"Kun ji dai, jama'a?"

Muka ce mun ji.

"Madalla," in ji Baba Hanbei. "Ni da ma don na ga kwanana sun ƙare ne zan sauka. Tunda ka sha wahala ka yi kokawa da biri ka ƙara min bakwai, me kuma zai kai ni sauka? Na gode, Genzo. Kai ɗan kirki ne." Ya rufe akwatin ƙyas, ya zura shi a hannun rigarsa.

Karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya na ga magana ta ƙare wa Genzo, har na ɗan ji tausayinsa. Da ƙyar ya ce, "Shugaba, ai wani lokacin, in ƙwan ya sha iska a hanya, ba ya cika bakwai ɗin."

"A'a, yanzu ka rantse da kabarin ubanka." Tsohon ya jawo kwanon shinkafa na biyu, ya leƙo ta gefen Genzo ya dube ni. "Sumie, naki na nan? In ba za ki ci ba, miƙo min."

Na tashi na kai masa da hannu biyu.